Fuska Barkatai, Tiya Guda: Darasin Rikicin KDE Da GNOME Ga Ma'aikatun Ƙasa

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, babbar manhajar nan da ya fitar a 2015, wadda ita ce ke tafiyar da ɗimbin kwamfutocin da ke bisa teburan ma'aikatu da kantuna tun daga Yamai har Damagaram. Ma'anar wannan mataki ita ce, duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano a jikin manhajar daga wannan rana, kamfanin ba zai sake toshe ta ba, sai dai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi, wanda ma'aikatu da kamfanoni ke biya da kuɗin waje, shi ɗin ma na ƴan shekaru ne kawai. Magajiyarta kuwa, wato Windows 11, ba ta yarda ta zauna a kan kowace na'ura: tana buƙatar wani ɗan guntun ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwa ƙirar baya-bayan nan, abubuwan da da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Dubai ba su da su. Na'ura tana nan garau, allonta na haske, madannanta na aiki, amma wani kamfani da ke can bayan teku ya yanke mata hukuncin tsufa.

Hanyoyi uku ne suka rage wa mai irin wannan na'ura, shin daraktan ma'aikata ne ko Alhajin da ke lissafin buhunan albasa. Ko dai ya sayi sabuwa, abin da baitulmali da aljihun ɗan kasuwa duk suka san nauyinsa. Ko kuma ya ci gaba da aiki da tsohuwar ƙofa a buɗe, alhali ba a manta da abin da ya auku a watan Mayu na 2017 ba, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama na'urori fiye da dubu 200 a ƙasashe wajen 150, ta kulle takardun mutane tana neman fansa, har wasu asibitocin Ingila suka riƙa maida marasa lafiya gida. Ko kuwa ya sauke Windows baki ɗaya, ya ɗora Linux, babbar manhajar da ba a biyan lasisinta, wadda kuma take gudu lafiya lau a kan tsofaffin na'urori.

Sai dai da zarar an ambaci wannan hanya ta uku, akwai tambayar da masu shakka ke jefowa, kuma tambaya ce mai ma'ana: Linux ɗin wanne? Wanda ya leƙa kwamfuta biyu masu Linux zai iya ganin fuskoki biyu da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, ɗaya ana ce mata KDE Plasma, ɗaya GNOME, ga kuma Xfce da Cinnamon da MATE da sauransu. Ta yaya, in ji masu shakkar, za a ɗora aikin hukuma a kan mutanen da su kansu sun kasa haɗa kai a kan inda za a ajiye maɓallin rufe taga? Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin rigimar kanta, kuma tarihi ne da duk wanda ya san siyasar ƙasar nan zai ji kamar ya taɓa jin sa.

Asalin rigimar

Kwamfuta kamar mota take, akwai inji, akwai kuma gaban direba inda sitiyari da birki da agogunan mai suke. A Windows, kamfani guda ne ya ƙera su duka ya kuma narke su wuri ɗaya, ba a raba su. A Linux kuwa, inji daban, fuska daban. Injin shi ne wanda Linus Torvalds, ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara rubutawa a 1991, aka haɗa shi da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka tun 1983. Aƙidar waɗannan mutane ita ce, duk manhajar da mutum ke aiki da ita yana da haƙƙin ya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya kwafa, ya bai wa maƙwabcinsa, kuma suka rubuta wannan haƙƙi cikin lasisin da ake kira GPL. To amma a shekarun farko injin ba shi da fuskar kirki, sai gwanayen da suka haddace umarni ne ke iya tuƙa shi.

Ranar 14 ga Oktoba 1996, shekara 29 cif kafin ranar da aka sallami Windows 10, wani ɗalibin jami'ar Tübingen ta ƙasar Jamus mai suna Matthias Ettrich ya yi kira ga masu rubuta manhaja da su zo a gina wa Linux fuska guda mai tsari, wadda wanda ba gwani ba zai iya aiki da ita. Haka aka haifi KDE. Domin aikin ya yi sauri, sai suka ɗauki kayan gini da ake kira Qt, na wani kamfanin ƙasar Norwe mai suna Troll Tech. Kayan suna da kyau, kamfanin kuma ya yarda a yi amfani da su kyauta, amma bai yarda kowa ya gyara su ya rarraba yadda ya ga dama ba. Nan fa aka yi tsaye. Masu tsananin riƙo da aƙida suka ce ba a gina gidan ƴanci a kan filin aro, domin ran da mai fili ya sauya ra'ayi, gida ya zama nasa. A watan Agusta na 1997 wasu matasa biyu ƴan ƙasar Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka kafa GNOME a kan wasu kayan ginin da ake kira GTK, waɗanda ba su da wannan tabo. KDE ta fitar da cikakkiyar fitowarta ta farko a Yuli 1998, GNOME ta biyo baya a Maris 1999.

Abin lura shi ne, adawar ta yi amfani tun ba a je ko'ina ba. A 1998 kamfanin na Norwe ya sa hannu a kan yarjejeniya da mutanen KDE, cewa in har ya daina fitar da Qt na kyauta, to za a saki kayan ga kowa, sa'an nan a shekarar 2000 ya sanya Qt ƙarƙashin lasisin GPL ɗin kanta. Dalilin da ya haifar da rigimar ya kau ke nan cikin shekara uku. Amma kamar yadda aka saba gani a jam'iyyu, kawar da dalilin ɓaraka ba ya maida mutane gida ɗaya, domin kafin nan kowane ɓangare ya tara magoya baya da kamfanonin da ke ɗaure masa gindi. KDE ta yi ƙarfi a Turai tare da SuSE na Jamus da Mandrake na Faransa, GNOME kuma ta samu Red Hat da Sun a Amurka. Kowa kuma ya ɗauki ɗabi'arsa: KDE tana bai wa mai aiki damar ya juya komai yadda yake so, GNOME tana rage zaɓi don kada baƙo ya ruɗe.

Wanda ya sha wahalar wannan zamani shi ne talakan mai amfani. Kowace fuska tana da jerin manhajojinta a wurinta daban, ta yadda manhajar da aka girka za ta bayyana a nan ta ɓace a can. Kowace tana da kwandon shararta, takardar da aka jefa a na wannan ba a ganinta a na waccan. Kowace tana da littafinta na sanin wace manhaja ce ke buɗe wane irin fayil, da nata tsarin fitar da sauti, aRts a KDE, ESD a GNOME, waɗanda kan yi kokawa a kan lasifika ɗaya. Hatta kwafar rubutu daga taga zuwa taga yakan ba da mamaki. Kasuwa ce guda, amma kowane layi da girman tiyarsa.

Sulhu ba tare da haɗewa ba

A watan Maris na shekarar 2000, Havoc Pennington, ma'aikacin Red Hat kuma ɗaya daga cikin jigogin GNOME, ya buɗe wani dandali da aka sani yau da suna freedesktop.org. Hikimar da ke cikin wannan dandali ita ce abin da bai nema ba. Bai ce KDE ta rushe ta shigo GNOME ba, bai ce a zaɓi shugaba guda ba, ba shi kuma da ikon tilasta wa kowa komai. Abin da ya ce kawai shi ne, a zauna a rubuta ƙa'idojin wuraren da dole a haɗu, kowa kuma ya je ya gina fuskarsa yadda yake so a bisa waɗannan ƙa'idoji.

Da kaɗan-kaɗan aka rubuta su. Aka amince cewa kowace manhaja za ta zo da wata ƴar takardar shaida mai tsari guda, wadda ke ɗauke da sunanta cikin harsuna dabam-dabam da hotonta da yadda ake tada ta, don kowace fuska ta karanta ta jera ta. Aka amince da kwandon shara guda, da littafi guda na nau'o'in fayil, da wuri guda na ajiye saituna, da yadda taga za ta gaya wa mai kula da tagogi cewa tana son ta cika allo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai amfani ke gani da idonsa, amma su ne suka sa a yau sakatariyar da ke kan GNOME za ta buɗe manhajar da mutanen KDE suka rubuta, ta yi aikinta, ba tare da ta san akwai wata tsohuwar gaba a tsakani ba.

Misali mafi kyau shi ne na hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo a cikin na'ura, kamar a ce an cusa kile na USB, ko batir ya kusa mutuwa. KDE tana da nata tsarin mai suna DCOP, mai sauƙi da sauri. GNOME tana da nata, Bonobo, mai nauyi da wuyar sha'ani. Mutanen ɓangaren GNOME ne suka jagoranci rubuta sabon tsari, D-Bus, amma suka ɗauki fasalinsa daga DCOP na abokan hamayyarsu, domin sun ga shi ya fi. Da tsarin ya kammala a 2006, GNOME ta fara jingine Bonobo, KDE kuma ta ajiye DCOP ɗinta a fitowarta ta huɗu a Janairu 2008. Wannan ya bar kayansa, wancan ya bar sunansa, jama'a suka samu hanya guda. A Yuli 2009 ɓangarorin biyu suka yi babban taronsu na shekara a wuri guda a tsibirin Gran Canaria na ƙasar Spaniya, suka maimaita a Barlin a 2011, kuma tun daga 2019 suna haɗa hannu wajen shirya taron masu rubuta manhajojin Linux.

Inda har yanzu ake ja-in-ja

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: sulhun bai game ko'ina ba, kuma masu shakka suna da abin kamawa. A 2011 GNOME ta sauya fuskarta kakaf a fitowa ta uku, masu son tsohuwar suka ɓalle suka kafa MATE da Cinnamon, kamfanin Canonical mai Ubuntu shi ma ya fito da tasa fuskar mai suna Unity, ya ɓata shekara shida a kanta kafin ya watsar ya koma GNOME a 2017. Da aka tashi sauya tsohon tsarin zana tagogi na X, wanda ya samo asali a 1984, da sabon da ake kira Wayland, sai wata gardamar ta taso a kan wa ke da alhakin zana kan taga da maɓallanta, manhajar ce ko fuskar. KDE ta yarda da hanyoyin biyu, GNOME ta tsaya a kan ɗaya. A 2017 kuma GNOME ta cire ɗan layin nan na ƙananan alamomi da manhajoji ke ajiyewa a gefen allo, sai wanda ya ƙara wani ɗan faci ke ganin su. Wajen rarraba manhajoji ma akwai ƙunshi iri uku masu gasa, Flatpak da Snap da AppImage, rumbun Snap kuwa makullinsa na hannun Canonical shi kaɗai.

Wannan rarrabuwa ta ci wa Linux kasuwa, babu ja. Kamfanin da ke rubuta manhajar lissafin kuɗi, in ya ga sai ya gwada kayansa a kan fuskoki biyar, yakan ce bari ya tsaya a Windows ya huta. Ƙididdigar StatCounter ta nuna sai a 2024 Linux ya haura kashi 4 cikin ɗari na kwamfutocin tebur a duniya, alhali Windows na riƙe da wajen kashi 70. Amma duk wanda ya duba wuraren da ake faɗan zai ga abu guda: inda aka rubuta ƙa'ida aka amince, rigima ta mutu har an manta da ita, inda kuma wani ɓangare ya ga yana da ƙarfin da zai yi gaban kansa, nan ne mai amfani ke kuka. Yawan fuskoki bai taɓa hana kowa aiki ba. Rashin tiya guda shi ke hanawa.

Ƴan ƙasar nan ba sa buƙatar a yi masu dogon bayani a kan wannan. Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai, ƙawancen AFC ya ci zaɓen 1993, ya tarwatse a Satumba 1994, zaɓen ƴan majalisa na Janairu 1995 ya kawo zaman tare tsakanin shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou. Abin da ya gurgunta wannan zama shi ne gardama a kan wuraren haɗuwa, wa ke tsara ajandar taron ministoci, wa ke da ta cewa a naɗe-naɗen manyan ma'aikata, abubuwan da kowane ɓangare ya karanta tsarin mulki ya fassara yadda ya yi masa daɗi. Aka yi zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gabansa, har sojoji suka shigo ranar 27 ga Janairu 1996. Masu rubuta manhaja, da ba su da soja ba su da kotu, sun gane cewa abokin hamayya ba ya gushewa, don haka gara a rubuta dokar kasuwa tun ana ganin juna.

Munik da jandarmomin Faransa

Hukumomi biyu na Turai sun riga sun bi wannan hanya, ƙarshensu kuma ya bambanta. A 2003 majalisar birnin Munik na ƙasar Jamus ta yanke shawarar komawa Linux, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da kansa ya je ya ga magajin garin. Zuwa 2013 an sauya kwamfutoci wajen dubu 15, da fuskar KDE. Amma ma'aikata suka riƙa kokawa da takardun da ke zuwa daga wasu hukumomi cikin tsarin Microsoft suna buɗewa a karkace, ga tarin ƙananan manhajojin aiki da ba su san komai ba sai Windows. Da shugabancin birnin ya sauya hannu, majalisar ta kaɗa ƙuri'a a 2017 cewa a koma Windows, sa'an nan a 2020 sabon ƙawancen da ya karɓi birnin ya sake cewa buɗaɗɗiyar manhaja ce zai fifita. Kuɗin jama'a ya tafi a kai da kawowa.

Rundunar jandarmomin Faransa kuwa ta fara ne daga ƙasa. A 2005 ta sauya manhajar rubutu da lissafi zuwa OpenOffice, a 2006 ta koma Firefox wajen shiga intanet, duk wannan a kan Windows ɗin da ma'aikata suka saba da ita. Sai a 2008 ta fara sauya injin kansa zuwa Ubuntu, lokacin da jandarma ya riga ya saba da kayan aikinsa, ranar sauyin bai ga baƙon abu ba face launin allo. Zuwa 2024 kusan dukkan kwamfutocin rundunar, wajen dubu 100, a kan Linux suke. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus, da ta yanke shawara a 2024 ta sauya kwamfutoci dubu 30, ita ma wannan jeri ta bi, LibreOffice da farko, Linux daga baya.

Darasin a fili yake. Abin da ke ɗaure hukuma a hannun kamfani shi ne tsarin da ake ajiye takardunta a cikinsa. Tun 2006 hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da tsarin ODF a matsayin ma'auni mai lamba 26300, wanda bayaninsa ke buɗe ga kowa, kowace manhaja kuma za ta iya karanta shi, har da Word ɗin Microsoft. Takardar fili, da jerin albashi, da dosiyen ɗan fansho, abubuwa ne da za a nema bayan shekara 40, lokacin da ba wanda ya san wane kamfani ne zai rage a raye ko nawa zai nema kafin ya buɗe.

Haruffa masu ƙugiya

Akwai wani wurin da wannan magana ta taɓa mai karatun Hausa kai tsaye. Kundin da hukumomin ƙasa suka fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Harshen da aka ba wannan matsayi dole na'urorin hukuma su iya rubuta shi daidai, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, domin ƙasa daban take da kasa, ɓata kuma daban da bata. Madannan AZERTY da aka gada daga Faransa ba su zo da waɗannan haruffa ba, shi ya sa ake ganin sanarwa da allunan hukuma an yi masu aski.

A Linux, jerin tsare-tsaren madannai ɗaya ne daga cikin kayan da aka ajiye a rumbun haɗin gwiwa na freedesktop.org, KDE da GNOME da Xfce duk daga nan suke ɗiba. A cikinsa akwai tsarin Hausa na Nijeriya da na Gana, akwai kuma na Kamaru da aka ɗora a kan AZERTY don harsunan can. Duk malami ko ɗalibin da ya tsara madannai da suka dace da hannun sakatarorin Nijar, da haruffan Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak, wuri guda zai kai aikinsa, in an karɓa ya shiga kowace fuska a duniya, ba tare da ya roƙi wani kamfani ya duba ko kasuwar Sahel ta isa a kula ta ba. Amfanin tiya guda ke nan ga wanda ba shi da ƙarfi.

Abin da ya kamata a yi

Ba a neman gwamnati ta shiga jam'iyyar KDE ko ta GNOME, ba a kuma neman ta wayi gari ta haramta Windows. Aikinta shi ne irin na sarkin kasuwa, ta tsaida ma'auni. Mataki na farko, doka ta fito cewa duk takardar da wata ma'aikata za ta ajiye ko ta aika wa wata, cikin tsarin ODF za ta kasance, wadda aka kammala kuma cikin PDF. Na biyu, takardun neman kwangila su daina ambaton sunan kamfani, su faɗi aikin da ake so na'ura ta yi da ma'aunan da za ta bi, wanda ya cika ya shigo. Na uku, duk sabuwar manhajar da za a rubuta wa haraji ko duwan ko ma'aikatar magajin gari, a sharɗanta ta yi aiki ta cikin kowace manhajar shiga intanet, asalin rubutunta kuma ya zama mallakar ƙasa, tunda da kuɗin ƙasa aka biya. Bayan wannan, kowace ma'aikata ta zaɓi fuska guda don sauƙin horo, mai tsofaffin na'urori ta ɗauki Xfce mara nauyi, mai sababbi ta ɗauki wadda ta ga dama, tunda takardunsu za su gane juna.

Kada kuma a yaudari kowa da kalmar kyauta. Lasisi ne ba a biya, amma horo da gyara da kulawa duk kuɗi ne, kuma hukumar da ta sauya manhaja ba ta horar da sakatarorinta ba, ita ce za ta dawo tana zagin Linux kamar yadda aka yi a Munik. Bambancin shi ne inda kuɗin ke zuwa. Kuɗin lasisi yana fita ne da dala ko yuro, kuma waɗanda suka ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairu 1994 sun san yadda irin wannan bashi ke ninkuwa cikin dare ɗaya. Kuɗin horo da gyara kuwa yana shiga aljihun matasan da jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa ke yayewa kowace shekara suna yawo da takardu babu aiki.

Wani zai ce ai Windows ɗin ma kyauta ake samunta, yaron kanti zai ɗora kwafin sata a kan jika ɗaya ko biyu. Haka ne, amma kwafin da aka fasa makullinsa ba wanda ya san abin da mai fasawar ya cusa a ciki, kuma hukumar da ke hukunta ɓarawon akuya bai kamata a sami jerin albashinta a kan kayan sata ba. Ɗan kasuwa kuwa, shawarar da ta dace da shi mai sauƙi ce. Linux yana tashi daga kile na USB ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'ura ba, sai ya gwada mako guda, ya ga ko firintarsa na bugawa, ko takardun abokan cinikinsa na Kano da Kwatano na buɗewa daidai. In akwai wata manhajar lissafi da ba ta aiki sai a Windows, ya bar mata na'ura guda, sauran ya sauya. Masu shigo da kwamfutocin gwanjo su ma riba ce gare su, domin hajar da Windows 11 ta ƙi, Linux na karɓarta, ta ƙara shekaru tana aiki a lakwal ko a kanti maimakon ta zama tarkace a bayan gari.

KDE da GNOME sun kusa cika shekara 30 suna hamayya, babu wadda ta haɗiye ƴar uwarta, babu kuma alamar za a yi haka. Abin da suka cim ma shi ne, mai aiki zai tashi daga wannan ya koma waccan da takardunsa a hannu, ba wanda zai tare shi a ƙofa ya ce sai ya biya. Wannan haƙƙin ne ma'aikatun ƙasa suka rasa tun ranar da aka ajiye takardar hukuma ta farko cikin tsarin da wani ke riƙe da makullinsa, kuma sa hannun minista guda a kan dokar ma'auni ya isa a fara maido shi. Allah ya sa masu wannan alhaki su farga tun kafin wani kamfanin ya sake sanya wa na'urorin ƙasa ranar mutuwa.